Tsiron Nama a Cikin Jiki: A Cire Shi Tun Bai Zama Sankara Ba

Kowane manomi ya san ƙuduji, wanda wasu ke kira wuta-wuta. Kafin a gan shi a fili, ya daɗe a ƙarƙashin ƙasa yana tsotson saiwar hatsi. Manomi mai lura yakan tuge shi tun bai yi fure ba. Wanda ya yi sakaci har ya zubar da iri, ya bar wa gonarsa wahalar shekaru.

Darasinmu na yau ya shafi wani abu mai kama da wannan, amma a cikin jikin ɗan Adam. Shi ne tsiron nama. Yawancinsa ba ya kisa. Amma akwai wanda idan aka ƙyale shi shekara da shekaru, yakan rikiɗe ya zama sankara, wato ciwon daji. Za mu ga inda yake fitowa, da alamunsa, da wanda ya kamata a ji tsoro, da inda mutumin Maraɗi ko Tibiri ko Jiratawa zai nufa idan ya ga alama.

1. Mene ne tsiron nama?

A cikin jikin mutum akwai hanyoyi da jakunkuna, kamar hanci, maƙogwaro, tumbi, hanji, matsarmama, mafitsara da mahaifa. Kowannensu yana da shimfiɗa ta ciki mai laushi da danshi, irin wadda kake ji a cikin kumatunka idan ka taɓa da harshe. Wannan shimfiɗa tana sabunta kanta kullum. Tsohuwa ta zube, sabuwa ta maye gurbinta. Wani lokaci naman yakan yi yawa a wuri ɗaya, ya yi tudu, ya leƙo cikin hanya. Wannan shi ne tsiron nama. Likitoci suna kiransa polip.

Wani tsiron yana da wuya da kai, kamar laimar kwaɗi. Wani kuma a zaune yake, ba shi da wuya. Wani bai wuce ƙwayar gero ba, wani ya kai gyaɗa, wani har ya kai goro. Yana iya zama ɗaya tak, yana iya zama da yawa. Abin da ya sa yake da wuyar ganewa shi ne yawancinsa ba ya zafi. Mutum yana noma, yana cin tuwonsa, bai san yana ɗauke da shi ba.

2. Tsiro daban, sankara daban

Tsiro mai lafiya yana tsayawa inda ya fito. Ba ya cin naman da ke kusa da shi, ba ya tafiya wani wuri. Idan aka cire shi, magana ta ƙare. Sankara kuwa tana kafa saiwa, ta huda bangon hanji ko na mafitsara, sannan ta bi jini ta tafi hanta ko huhu ko ƙashi.

Idan likita ya ga tsiro, abu uku yake tambaya. A ina ya fito? Yaya girmansa? Wane iri ne? Tambaya ta uku ido ba ya amsa ta. Dole a ciri naman a kai shi ɗakin awo, a yanka shi siriri, a dube shi da madubin likita mai ƙara girman abu. Saboda haka duk wanda ya dubi tsiro da ido kawai, ya rantse cewa ba kome, ko ya ce lalle sankara ce, ya faɗi abin da bai sani ba.

3. Tsiron babban hanji

A nan ne maganar ta fi nauyi. Babban hanji shi ne ƙarshen hanyar abinci. Tsawonsa ya kai kamar mita ɗaya da rabi, kuma yana ƙarewa a dubura. Yawancin sankarar babban hanji daga tsiro take somawa.

Ba kowane tsiron hanji ne ke rikiɗewa ba. Akwai irin da likitoci ke kira adenom, shi ne aka fi sa wa ido. A Turai da Amurka, inda ake yawan duba hanjin mutane, cikin mutum huɗu da suka wuce shekara 50 ana samun kamar ɗaya mai irin wannan tsiro. Amma cikin tsiro goma, ba lalle ba ne ko ɗaya ya zama sankara. Wanda bai kai santimita 1 ba, wato kamar ƙwayar gyaɗa, da wuya a sami sankara a cikinsa. Wanda ya wuce santimita 2, haɗarinsa ya ninka sau da yawa.

Ga abin farin ciki. Rikiɗewar ba ta dare ɗaya ba ce. Takan ɗauki kamar shekara goma. Wato Allah ya ba mutum damina goma ya tuge ƙudujin kafin ya zubar da iri.

Alamun da za a lura da su su ne: jini a cikin bayan gida, majina a cikin bayan gida, zawo ko taurin ciki da ya wuce makonni, alhali da ba haka mutum yake ba, jin kamar bayan gida bai ƙare ba bayan an tashi, rama ba dalili, da ƙarancin jini, wato kasala, haki, da farin tafin hannu. Wani tsiron yana zubar da jini kaɗan-kaɗan wanda ido ba ya gani, sai dai a ga mutum yana ɗashewa.

A nan ne mutanenmu suka fi yin kuskure. Duk jinin da ya fito ta dubura sai a ce basir ne, ko ɗan kanoma, ko zafi ne ya yi yawa. Gaskiya ne basir yana da yawa, kuma shi ne ya fi kawo irin wannan jini. Jinin basir ja ne wur, yakan ɗigo bayan an gama. Jinin da ya fito daga can ciki yakan cakuɗa da bayan gida, wani lokaci ya yi duhu. Amma mutum ɗaya yana iya samun basir da tsiro gaba ɗaya. Saboda haka wanda ya kai shekara 40 ya fara ganin jini, kada ya yanke wa kansa hukunci.

Mu ɗauki misalin manoma biyu, kowane ɗan shekara 50, kowane ya ga jini bayan girbi. Na farko ya sayi garin magani wajen mai lasifika ranar kasuwa. Jinin ya tsaya, ya dawo, ya sāke tsayawa, domin haka tsiro yake yi ko an sha magani ko ba a sha ba. Ya shekara uku yana haka, har ranar da bayan gida ya ƙi fita. Lokacin da aka kai shi asibiti, sai babban aiki, da sayar da bisashe, da tafiya Yamai. Na biyu ya je likita tun a watan farko. Aka tura shi aka duba hanjin, aka cire tsiro mai girman gyaɗa, ya koma gida. Ciwonsu ɗaya ne. Ranar zuwa ce ta bambanta.

Yaya ake dubawa? Da farko likita yakan sa safar hannu ya taɓa dubura da yatsa. Wannan ba abin kunya ba ne, kuma yana gano abubuwa da yawa. Ana kuma auna bayan gida don neman ɓoyayyen jini. Babban awo shi ne na wani tiyo siriri mai lanƙwasa, mai fitila da ido a bakinsa. Mutum yakan sha maganin wanke ciki kwana ɗaya kafin awon. Likita yana sa tiyon ta dubura, yana kallon cikin hanji a allo kamar talabijin. Idan ya ga tsiro, sai ya zura wata ƴar waya mai zarge, ya shaƙe wuyan tsiron, ya yanke shi da wutar lantarki. Ba a tsaga ciki. Wasu likitoci biyu, Shinya da Wolff, su ne suka soma wannan dabara a birnin New York a 1969. A 1993 wani babban bincike a Amurka ya nuna cewa cire tsiro ta wannan hanya yana rage aukuwar sankarar hanji da fiye da kashi 75 cikin 100.

Ciwon bai san sarki ko talaka ba. A watan Yuli na 1985 an sami tsiro a hanjin shugaban Amurka Ronald Reagan, kuma aka tarar ya fara zama sankara. Aka yanke wannan sashe na hanjin. Ya ci gaba da mulki, ya rayu har 2004, kuma ba wannan ciwo ne ajalinsa ba. Abin da ya taimake shi, an gani da wuri.

Akwai abu biyu kuma da iyaye za su sani. Na ɗaya, yaro ɗan shekara biyu zuwa goma yana iya zubar da jini ta dubura ba tare da zafi ba, har wani lokaci uwa ta ga wani jan nama kamar ɗan magarya ya leƙo. Irin wannan tsiro na yara kusan kullum mai lafiya ne, kuma cire shi a asibiti ba wuya. Na biyu, akwai gidajen da ake gadon tsiro. A irin wannan gado, ɗaruruwan tsiro sukan fito a hanji tun mutum yana saurayi, kuma idan ba a yi aiki ba, kusan tabbas sankara za ta kama shi wajen shekara 40. Kowane ɗa na mai wannan gado, rabi da rabi ne ya ɗauka ko ya tsira. Gadon ba shi da yawa. Amma idan mahaifinka, ko mahaifiyarka, ko wanda kuke ciki ɗaya ya yi sankarar hanji, musamman tun bai tsufa ba, ka gaya wa likita ko da lafiyarka ƙalau.

4. Tsiron mafitsara da tsargiya

Wannan sashe namu ne, mu mutanen gulbi da fadama. Idan Gulbin Maraɗi ya janye bayan damina, yakan bar ruwa kwance a wurare. Ga tafkuna a bayan gari, ga ramukan da aka haƙa don yin tubali, ga tafkin Madarunfa. A irin wannan ruwa yara ke wanka, mata ke wanki, masunta da masu lambu ke wuni. A irinsa kuma tsargiya ke yaɗuwa.

Tsargiya tsutsa ce. Wani likita Bajamushe, Theodor Bilharz, shi ya gano ta a birnin Alƙahira a 1851, shi ya sa a asibiti ake ce mata bilarziya. Ga yadda take zagayawa. Mai ciwon ya yi fitsari a ruwa, ƙwan tsutsar ya fita tare da fitsarin. Ƙwan ya ƙyanƙyashe, ya shiga jikin ƙaramin dodon koɗi. Bayan makonni, dubban ƴaƴan tsutsa su fito cikin ruwa. Ba sai an sha ruwan ba, ta fata suke shiga. Idan sun girma sai su zauna a jijiyoyin jini da ke kewaye da mafitsara, suna ta yin ƙwai shekara da shekaru.

Wasu ƙwan suna fita da fitsari, su ne ke kawo jinin da ake gani a ƙarshen fitsari. Wasu kuma suna maƙalewa a bangon mafitsara. Jiki ya yi ta faɗa da su, wurin ya kumbura, ya yi kauri, ya fitar da tsiro. Na'urar eko, wadda ake duba mai ciki da ita, tana nuna wannan tsiro sarai. A watan Oktoba na 1996 masana daga ƙasashe da yawa sun taru a Yamai, a ƙarƙashin Hukumar Lafiya ta Duniya, wato OMS, suka tsara yadda za a riƙa auna ɓarnar tsargiya da eko. Wannan tsari ya ɗauki sunan birnin Yamai, kuma likitocin ƙasashe da dama sun yi aiki da shi.

Ga yaro, tsiron tsargiya yakan baje cikin ƴan watanni bayan ya sha magani. Amma idan aka bar mafitsara cikin gyambo shekara ashirin ko talatin, shimfiɗarta tana iya rikiɗewa ta zama sankara. A 1994 cibiyar binciken sankara ta OMS ta sa tsutsar tsargiyar fitsari cikin jerin abubuwan da aka tabbatar suna haddasa sankara ga ɗan Adam. A ƙasar Masar, inda tsargiya ta yi katutu a da, irin wannan sankarar mafitsara ta ragu ƙwarai bayan an yaƙi tsutsar.

Da, wasu suna ɗaukar fitsarin jini alamar balaga ce ga ɗa namiji. Ba haka ba ne. Ciwo ne, kuma yana da magani. Sunan maganin farazikwantel. Tun 2004 Nijar ta kafa shirin ƙasa na yaƙi da tsargiya, aka shiga raba wannan magani ga yara a lakwal da garuruwa. Ana tsayar da yaro jikin sandar awo, a ba shi ƙwayoyi daidai tsawonsa. Idan masu rabo sun zo, a ciyar da yaro kafin ya sha, kuma kada a ɓoye wanda ba ya zuwa lakwal. Magani yana kashe tsutsar da ke jiki, amma ba ya hana sabuwa shiga. Shi ya sa ake maimaitawa.

Babba kuwa, wanda ya wuce shekara 40, idan ya ga jini a fitsari ko sau ɗaya, ko da ba zafi, kada ya ce tsargiyar yarinta ce ta dawo. Ya sha magani idan likita ya ba shi, amma ya nemi a duba mafitsarar da eko. Tsiron mafitsara ga babba abin tuhuma ne har sai awo ya wanke shi. Mai shan taba ya fi kowa shiga wannan haɗari, domin dafin taba ta fitsari yake fita.

5. Tsiron mahaifa

Mata suna samun tsiro a wuri biyu: a bakin mahaifa, da cikin mahaifa.

Na bakin mahaifa ɗan jan nama ne mai laushi, wanda ke zubar da jini idan an taɓa shi. Ya fi samun matan da suka haihu, masu shekara 40 zuwa 50. Kusan dukansa mai lafiya ne. Ungozomar asibiti ko likitan mata yakan cire shi cikin ƴan mintoci.

Na cikin mahaifa yana sa haila ta yi yawa, ko jini ya zo tsakanin haila da haila, wani lokaci kuma yana hana ɗaukar ciki. Ga mace mai haila, da wuya ya zama sankara. Ga wadda haila ta ɗauke mata, haɗarin ya fi yawa.

To, me ya sa za a damu, tunda yawancinsa mai lafiya ne? Domin alamar tsiro da alamar sankarar bakin mahaifa iri ɗaya ce: jini bayan kwanciya da miji, jini ba lokacin haila ba, ruwa mai wari. Tsargiya ma tana taɓa bakin mahaifa ta kawo irin wannan jini. Mace ba za ta iya rarrabewa da kanta ba. A Nijar, sankarar mama da ta bakin mahaifa su ne kan gaba cikin sankarar mata. Ita ta bakin mahaifa ba daga tsiro take somawa ba. Wata ƙwayar cuta ce mai suna HPV ke kawo ta, kuma tana ɗaukar shekaru kafin ta yi ƙarfi. Akwai allurar rigakafinta ta ƴan mata masu shekara 9 zuwa 14. Akwai kuma awo mai sauƙi: ana shafa ruwan binegar a bakin mahaifa, wurin da ya fara lalacewa sai ya yi fari, a magance shi tun bai zama sankara ba. OMS ta yi kira ga mata masu shekara 30 zuwa 49 su riƙa yin awon ko da ba su jin kome.

Iyayenmu mata, ku riƙe wannan: jinin da ya dawo bayan haila ta ɗauke shekara guda, ba haila ba ce. Ko ɗigo ɗaya ne, a je a duba. Magidanta kuma, idan iyali ta faɗi irin wannan magana, a ba ta izini da kuɗin mota a ranar. Matar da ta daure ta faɗa, ta riga ta sha kunya mai yawa.

6. Sauran wurare a taƙaice

Hanci. Tsiron hanci fari-fari ne, mai laushi, yakan fito a ƙofofi biyu. Yana toshe hanci, ya hana jin ƙanshi, ya sa minshari. Ya fi samun masu asma da masu yawan mura, kuma ƙurar hunturu tana tsananta musu. Ba ya zama sankara. Akwai maganin fesawa da ke rage shi. Amma idan ƙofa ɗaya ce kawai ta toshe, tana kuma haɓo, wannan wani abu ne daban, a gaggauta.

Maƙogwaro. Masu aiki da murya, kamar ladan, malamin makaranta, maroƙi, da ɗan kamasho a tasha, sukan sami ɗan tsiro a igiyar murya. Murya ta dushe. Wannan ma mai lafiya ne. Amma dushewar murya da ta wuce mako uku, musamman ga mai shan taba, tana bukatar a leƙa maƙogwaron.

Tumbi. Yawancin tsiron tumbi ƙanana ne marasa haɗari, ana gamuwa da su ne idan ana duba gyambon ciki da tiyo. Wasu suna da alaƙa da ƙwayar cutar da ke kawo gyambon ciki, kuma sukan baje idan an kashe ta da magani. Babba ko irin adenom, cire shi ake yi.

Matsarmama. Eko ne ke nuna shi, sau da yawa ana neman wani abu daban. Yawancinsa kitse ne ya taru. Idan ƙarami ne, a riƙa sāke dubawa. Idan ya kai santimita 1, likitoci sukan ba da shawarar cire matsarmamar gaba ɗaya, kuma mutum yana rayuwa lafiya ba tare da ita ba.

7. Aska ba ta wannan aiki ba ce

Wanzami yana da daraja a garinmu, amma tsiron cikin jiki ya fi ƙarfin askarsa. Dalili uku ne. Tsiro yana da jijiyar jini a wuyansa, idan aka yanke ba a ƙone bakin ba, jini yana iya ƙin tsayawa. Aska ɗaya tana iya ɗaukar ciwon hanta ko sida daga wani zuwa wani. Na uku, wanda ya fi duka, naman da aka yanke aka binne a bayan ɗaki ba wanda zai auna shi. Idan sankara ce, an yanke kai an bar saiwa, an kuma ɓata watanni masu tsada. Haka nan turare, da ƙulla zare, da cusa magani mai ci a dubura ko a gaban mace, duk suna ƙara gyambo ne kawai.

8. Ina za a nufa?

A fara da gidan likita mafi kusa, wato CSI. A faɗi gaskiya duka: yaushe jinin ya fara, yaya launinsa, ko akwai mai irin ciwon a dangi. Idan abin ya fi ƙarfinsu, za su rubuta takarda zuwa asibitin gunduma. Tibiri tana cikin gundumar Gidan Rumji, Jiratawa kuma tana cikin ta Madarunfa. A birnin Maraɗi akwai babban asibitin jiha, wato CHR, da asibitin uwa da yaro, da babban asibitin da ake kira Referans. Daga Tibiri ko Jiratawa zuwa birni, tafiyar ba ta kai sa'a guda a mota ba. A Yamai kuma akwai cibiyar ƙasa ta yaƙi da sankara, inda aka soma ƙona sankara da haske a 2021.

Idan an cire tsiro, a tambayi abu biyu kafin a bar asibiti. Yaushe sakamakon awon naman zai fito? Yaushe zan dawo a sāke dubawa? Wanda ya taɓa yin tsiro yana iya yin wani. A adana takardu cikin leda, a zo da su kowane zuwa.

9. Rigakafi daga gona da akushi

Ba abincin da ke narkar da tsiron da ya riga ya fito. Amma akwai abin da ke rage fitowarsa a hanji. Abinci mai dusa da ganye yana sa bayan gida ya wuce da sauri, ƙazanta ba ta daɗewa tana gugar bangon hanji. Gero, dawa, wake, kuɓewa, kuka, rama, yakuwa da zogale duk namu ne. Lambunan Jiratawa suna cika kasuwar Maraɗi da zogale da kayan miya. Mai lambu ya tuna da tukunyar gidansa kafin ya ɗaure buhu na ƙarshe. Kada a surfe hatsi har a raba shi da dusarsa duka.

Abubuwan da ke ƙara haɗari su ne taba, giya, ƙiba mai yawa, zaman wuri ɗaya, da yawan cin jan nama kullum. A 2015 cibiyar binciken sankara ta OMS ta bayyana cewa naman da aka sarrafa don ajiya, irin na gwangwani, yana haddasa sankarar hanji idan an mayar da shi abincin yau da kullum. Wanda ya bar ƙauye ya zauna a shago, ya musanya fura da lemun kwalba, ya musanya tafiya da babur, ya kula da kansa.

Don mafitsara kuma: a gina salanga a yi amfani da ita, a hana yara fitsari a tafki, a yi musu wanka da ruwan rijiya ko na famfo, masu aiki cikin ruwa kwance su sa takalmin roba.

Abin da za mu riƙe

Yawancin tsiron nama ba sankara ba ne.
Na hanji, da na mafitsarar babba, da na mahaifar wadda haila ta ɗauke mata, su aka fi sa wa ido.
Jini a bayan gida, jini a fitsari, jini ba lokacin haila ba: duka ukun na likita ne.
Rashin zafi ba shaidar lafiya ba ne.
Duk naman da aka cire, a auna shi.

Tambayoyi don tattaunawa a aji

1. Mene ne bambancin tsiro da sankara?
2. Kamar shekara nawa tsiron hanji ke ɗauka kafin ya rikiɗe?
3. Ta ina tsutsar tsargiya ke shiga jiki? Waɗanne wuraren ruwa ne a garinku yara suka fi shiga?
4. Me ya sa bai kamata a kai wa wanzami tsiro ba?
5. Me ke hana mutanen garinku faɗin irin wannan ciwo da wuri? Yaya za a gyara?

Wanda ya karanta, ya karanta wa wanda bai iya ba tukuna, a gida, a majalisa, da wurin suna. Hausawa sun ce icce tun yana ɗanye ake tanƙwara shi. Allah ya ba mu lafiya da damina mai albarka, amin.